HUKUNCIN CIRE WA KYANWA FARCE SABODA YAKUSHI

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci kowace dabba, ya kuma ba ta kayan da za ta nemi abincinta da su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Mas'alarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Zauro, wanda ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu. Wani Alhaji mai cinikin shinkafa, wanda ke sayen shanshera daga manoman fadamar Rima yana tarawa a sito, shi ne ya same ni bayan sallar La'asar. Da muka gaisa sai ya ce, "Allah gafarta Malam, wata 'yar magana ce ta kawo ni, har ina jin kunyar faɗinta, don maganar mussa ce." Mussa kuwa ita ce kyanwa ko mage a bakinmu na nan yamma.

Na ce masa, "Alhaji, faɗi abin da ke tafe da kai. Addini bai bar komai ba sai da ya sa masa hukunci."

Sai ya bayyana mini cewa shekara uku ke nan da ya ajiye kyanwa a sitonsa, kuma tun da ta zo ɓarnar ɓera ta yi sauƙi ƙwarai. To amma ta ɗauki wata ɗabi'a, kullum sai ta yayyage masa bakin buhu ɗaya ko biyu. Kwanan baya ta shiga cikin gida ta ɓata sababbin kujerun da ɗansa, ma'aikacin gwamnati a Birnin Kebbi, ya sayo masa, sa'an nan ta yakushi jikansa a hannu. Ɗan nasa ya gaya masa wai a Amurka likitocin dabbobi su kan cire wa kyanwa farce gaba ɗaya, a huta. Wani maƙwabcinsa kuma ya ce ba sai an je Amurka ba, in an danne masa ita zai tuge su da filaya. Tambayar Alhaji ita ce, shin wannan aiki ya halatta?

Amsar da na ba shi a taƙaice ita ce bai halatta ba, ko da filaya ko da wuƙar likita, sai fa in wata cuta ce ta kama yatsar har ya zama yankewar ita ce magani. Na ga ya kamata in shimfiɗa dalilan a nan, domin na san akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da yawa masu irin wannan damuwa.

MENE NE HAƘIƘANIN AIKIN?

Malamanmu na usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Mutane da yawa in sun ji an ce cire farce, sai su zaci irin yankan akaifa ne da mu ke yi ranar Juma'a. Alhali kuwa farcen kyanwa yana tsirowa ne daga cikin ƙashin ƙarshe na yatsarta, don haka in an yanke farcen kaɗai zai sake fitowa. Abin da likita ke yi domin kada ya sake tsirowa shi ne ya datse wannan gaɓar ta ƙarshe duk da ƙashinta da jijiyoyinta. Ka dubi hannunka, ka ƙaddara an guntule kowace yatsa daga gaɓar da ke ƙarƙashin farce. To, aikin ke nan.

Kyanwa tana da farce 18, biyar-biyar a ƙafafun gaba, huɗu-huɗu a na baya. Wanda ya cire na gaba kawai ya yi mata yanka 10 a zama ɗaya. Ga shi kuma Allah ya halicce ta tana tafiya a kan yatsunta, ba a kan dunduniya kamar mu ba, watau a kan ciwon za ta riƙa takawa tun daga ranar da aka yi yankan.

Wasu likitocin dabbobi sun fitar da wani bincike a shekarar 2017 a kan kyanwoyi 274, rabinsu an cire musu farce, rabi ba a taɓa su ba. Sun tarar waɗanda aka yi wa aikin sun fi fama da ciwon baya, sun fi yawan cizo, sun kuma fi yin fitsari da kashi a inda bai dace ba. Fiye da rabinsu hoton ƙashi ya nuna guntayen ƙashin da suka rage cikin nama, kamar mutumin da ke tafiya da tsakuwa cikin takalmi har iyakar ransa. Mai gida yana son a mai da masa ita kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, sai ga shi an raba ta da yakushi ta koma cizo, cizon kyanwa kuwa ya fi yakushinta saurin ruɓewa, don haƙorinta siriri ne mai shiga da zurfi. Garin neman gira an rasa ido.

Su kansu Turawan da aka kafa hujja da su sun soma juya wa abin baya. Yarjejeniyar ƙasashen Turai ta kare dabbobin gida, ta shekarar 1987, ta hana shi in ba don magani ba. A Ingila laifi ne ƙarƙashin dokar kula da dabbobi ta 2006. A Amurka ɗin ma jihar Niyok ta haramta shi a 2019, jihar Maryland ta biyo baya a 2022. A nan gida kuwa, dokar laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960 ta lissafa azabtar da dabbar gida cikin laifuffukan da a ke hukunta mutum a kansu. Ban kawo waɗannan don su ne madogararmu ba. Na kawo su ne don mai cewa "ai haka a ke yi a can" ya san labarinsa ya tsufa.

ABIN DA SHARI'A TA NUNA

Dalili na farko shi ne hanin da ya zo game da musla, watau yanke gaɓoɓin mai rai yana raye. Imamul Buhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yi wa dabba haka. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir cewa an wuce da wani jaki da aka yi wa lalas a fuska, sai Annabi ya la'anci wanda ya yi masa. Malamai sun ce duk aikin da aka rataya masa la'ana yana cikin manyan zunubai. In lalas ɗaya a fuskar jaki ta jawo wannan, yaya guntule yatsu goma?

Dalili na biyu yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 119, inda Allah Maɗaukakin Sarki ya ba mu labarin alwashin da Shaiɗan ya sha a kan 'yan Adam. Daga cikin abubuwan da ya yi alwashin zai sa su yi har da tsattsage kunnuwan dabbobi da sauya halittar Allah. Malaman tafsiri sun yi maganganu masu yawa a kan ma'anar sauya halitta, amma ya ishe mu lura cewa yanka gaɓar dabba ba da wani dalili na shari'a ba an jingina shi ga umurnin Shaiɗan.

Dalili na uku shi ne hadisin nan sananne da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ta tsare ta har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi 'yan ƙwarin ƙasa da kanta ba. Ku lura da wannan gaɓa ta biyu. Laifin matar bai tsaya ga hana abinci ba, har da toshe wa dabbar hanyar neman na kanta. Kyanwar da aka cire wa farce, ko da an buɗe mata ƙofa, tana nan cikin wani irin tsari, domin da ƙyar za ta riƙe ɓera, da ƙyar za ta hau bango ko itace in kare ya biyo ta, ba ta kuma da abin da za ta tare muzuru da shi. A garuruwanmu, inda kyanwa ke yawo daga gida zuwa gida, yin haka kusan miƙa ta ne ga mutuwa.

Dalili na huɗu, kyanwa tana da matsayi na musamman a fiƙihunmu. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa labarin Kabsha 'yar Ka'abu, matar ɗan Abu Ƙatada, wadda ta zuba wa surukinta ruwan alwala, sai kyanwa ta zo za ta sha, ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Da ya ga tana mamaki sai ya gaya mata cewa Annabi ya kore najasa daga kyanwa, ya kuma sa ta cikin masu kai da kawo a tsakanin mutanen gida. Babban sahabin nan da ya fi kowa ruwaito hadisi, alkunyarsa ta Abu Huraira ta samo asali ne daga wata 'yar kyanwa da ya ke ɗauka yana wasa da ita lokacin da ya ke kiwo. Haka kuma a tarihin Misira an ambaci cewa Sarki Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wata gona a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da mai su. Amma labarin da ke yawo na cewa Annabi ya yanke hannun rigarsa don kada ya tashi kyanwa daga barci, wannan ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi, kuma abin da ya inganta ya wadatar da mu.

WATA SHUBUHA DA AMSARTA

Alhaji mutum ne da ya yi karatun Risala a zaure, saboda haka sai ya ce, "To Malam, ai Ibnu Abi Zaidin ya halatta dandaƙar rago. Me ya raba wannan da wancan?"

Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana cewa babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaruwar namansu. Amma a wuri ɗaya ya ambaci hanin fiɗiye dawaki, ya kuma karhanta lalas a fuska. Wannan ya nuna mana cewa asalin taɓa jikin dabba hani ne, ana yin rangwame ne kawai inda akwai maslaha tabbatacciya wadda shari'a ta kula da ita, kuma babu wata hanya sai wannan. Ragon da aka dandaƙe ya kan warke cikin kwanaki, ya ci gaba da kiwonsa yana ƙiba. An hana a doki domin aikin yana rage abin da a ke ajiye doki dominsa. To kyanwa ta fi kama da doki a nan, don farcen da za a cire shi ne kayan aikin da aka ajiye ta saboda shi. Maslahar da a ke nema kuwa ita ce kare kujera da bakin buhu, abin da za a iya samu ta hanyoyi masu sauƙi. Ƙa'idar malamai ita ce ba a gusar da cuta da cutar da ta fi ta girma.

Sai dai in yatsa ta murƙushe a tarko ko ƙarƙashin ƙofa, ko wani mugun tsiro ya kama ta, likita masani ya ce sai an yanke. Wannan magani ne, ya halatta, da sharaɗin a yi mata allurar kashe zafi, a kuma tsaya ga yatsar da ta lalace.

Akwai kuma lissafin kasuwa da na tuna wa Alhaji. Buhun da kyanwa ta yaga ana ɗinke shi da basilla. Shinkafar da ɓera ya yi wa fitsari kuwa ta zama haɗari ga duk wanda zai ci. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, wani nau'in ɓera ne mai yawan nonuwa ke ɗauke da shi, yana kuma kama mutane ta hanyar abincin da fitsarinsa ko kashinsa ya taɓa. Mai sayar wa Musulmi abinci amana ce a wuyansa ya tsare shi daga irin wannan. Wanda ya karya makamin mai gadinsa bai yi wa kansa adalci ba.

HANYOYIN DA SUKA HALATTA

Kyanwa ba ta karta don ƙeta. Tana yi ne don ta ɓare tsohon ɓawon farcenta sabo ya fito, ta miƙe jijiyoyin bayanta in ta tashi daga barci, ta kuma bar ƙamshinta a wurin, domin akwai wasu ƙananan maɓuɓɓugan ƙamshi a tafin ƙafarta da ta ke shaida yankinta da su. Ɗabi'a ce da aka halicce ta a kai, ba za a iya raba ta da ita ba, amma ana iya sauya mata wurin yi. Ga abin da na shawarci Alhaji da shi:

1. Ya sami gungumen itace mai kauri, tsawonsa kamar kamu biyu, ya naɗe shi da igiyar rama ko tsohon buhun algarara, ya kafa shi da ƙarfi yadda ba zai yi motsi ba. In yana girgiza ba za ta koma masa ba. A kafa ɗaya kusa da inda ta ke kwana, ɗaya a gefen buhunan da ta saba yagewa. Wata kyanwar ta fi son abin da ke shimfiɗe a ƙasa, irin wannan sai a ajiye mata tsohuwar tabarmar kaba ko kwali mai kauri. Duk sa'ad da aka ga ta yi amfani da shi a ba ta ɗan guntun kifi, ba da daɗewa ba za ta gane.

2. Ya ɗora buhunansa a kan katako, ya janye su daga jikin bango, ya rufe layin waje da tamfol. Wannan yana kare su daga farce da danshi, yana kuma ba kyanwar hanyar zagayawa ta bayan kaya inda ɓera ke ɓuya.

3. Kujerun falo a rufe hannuwansu da leda mai santsi ko bargo mai kauri na ɗan lokaci, har ta saba da gungumenta. Yawancin kyanwoyi ba su son warin ɓawon lemo, ana iya ajiye shi a ƙarƙashin kujera. Mafi sauƙi duka shi ne a riƙa rufe ƙofar falo in babu kowa ciki.

4. Ga ma'aikatan da ke ajiye kyanwa a cikin ɗaki ba ta fita, ya halatta a rage mata tsinin farce da abin yankan akaifa bayan kowane mako biyu ko uku, kamar yadda a ke gyara wa doki kofato. Ana matsa tafin ƙafar a hankali farcen ya fito, a cire farin tsinin kawai. Jan da a ke hangowa daga ciki nama ne mai jini, kada a kusance shi. Wanda bai iya ba ya je ofishin likitan dabbobi a nuna masa sau ɗaya. Akwai kuma wasu 'yan hulunan roba da a ke manna wa farce, su kan yi mako huɗu zuwa shida su faɗi da kansu. Amma kyanwar sito da mai fita waje a bar mata farcenta yadda ya ke.

5. Kada a doke ta. In ka tarar da ɓarna da safe ka ɗauki sanda, ba ta san abin da ya haɗa dukan da kartar daren jiya ba, tsoronka kawai za ta koya. In ka kama ta tana cikin yi, tafi ɗaya mai ƙarfi ya isa, sa'an nan ka kai ta wurin gungumenta.

6. A koya wa yara ladabin zama da dabba. Da na bincika sai Alhaji ya yarda cewa jikan nasa wutsiyarta ya ja. A hana su ja mata wutsiya, da matse ta, da taɓa ta tana cin abinci ko tana shayarwa. Masu wasa da ita su yi da zare ko kara, kada su saba mata da kama hannu.

In kuwa ta riga ta yakushi mutum ko ta cije shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na kimanin minti 15, sa'an nan a je asibiti, musamman in baƙuwar kyanwa ce ko wadda halinta ya sauya ba zato. Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, yana kuma wucewa ga mutum, in alamunsa suka bayyana kuwa kusan ba a tashi. Don haka a kai ta a yi mata allurar rigakafi, rigakafi ya fi magani.

Wanda ya gwada duk waɗannan ya ga ba zai iya zama da ita ba, ya ba da ita kyauta ga mai buƙata. Masu rumbu da masu sito a Zauro da Ambursa da Argungu ba za su ƙi kyanwa mai kamu ba. Abin da ba shi da kyau shi ne al'adar nan ta ƙunshe ta a buhu a kai ta daji ko bakin gulbi a yar, balle a raba ta da 'ya'yanta suna tsotso. Wanda ya ɗauko dabba ya ajiye, ciyar da ita da shayar da ita sun hau kansa har ya miƙa ta ga wani.

Ya ku 'yan'uwa, sahabbai sun tambayi Annabi ko akwai lada cikin kyautata wa dabbobi, ya tabbatar musu akwai lada cikin kyautata wa duk wani mai rai. Kyanwa ba ta da bakin kai ƙara wurin alƙali, ba ta da dangin da za su bi mata hakki, saboda haka wanda ya tausaya mata ya yi ne don Allah kaɗai. Mu ji tsoron ranar da za a bi wa tunkiya marar ƙaho hakkinta a kan mai ƙaho.

Alhaji ya tashi yana cewa gobe da safe zai sa yaransa su nemo gungumen marke. Na roƙe shi ya biya ta wurin maƙwabcin nan nasa ya gaya masa ya mai da filayarsa cikin akwati.

Allah shi ne mafi sani. Ya Allah ka sa tausayi a zukatanmu, ka gafarta mana abin da muka yi wa bayinka marasa baki cikin jahilci. Masu tambayoyi su ci gaba da aiko da su ta hannun edita. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.